Baturen mulki da waƙoƙin Suwahili

Tambaya: Malam, na ji yadda Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa. Shin a Gabashin Afirka ma an samu Baturen mulki irinsa?
Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗana. Wanda na fi so ka sani shi ne J.W.T. Allen (1904 zuwa 1979), ɗan Ingila da ya yi aikin gwamnati a Tanganyika, wato babban ɓangaren Tanzaniya ta yau. Harshen Suwahili ya shiga ransa, har ya dinga bin garuruwan bakin teku yana neman tsofaffin waƙoƙi da aka rubuta da ajami. A 1970 ya fitar da jerin rubuce-rubucen da ke ɗakin karatu na jami'a a Darussalam, a 1971 kuma littafinsa Tendi, mai dogayen waƙoƙi shida tare da fassara. Ciki har da waƙar wasiyyar da wata mawaƙiyar Suwahili mai suna Mwana Kupona ta tsara wa 'yarta wajajen 1858.

Sai dai fa, ni a ganina, yabon bai kamata ya tsaya kan Bature ba. Gidajen da suka adana takardun nan shekara da shekaru, sannan suka yarda suka fito da su, ba kasafai ake ambatonsu ba.