Zuciyata Ta Yi Shiru: Ina Matsayin Sallata da Imanina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mace ce mai shekara 34, ina zaune a unguwar Zariya a nan Maraɗi. Maigidana ya rasu a hatsarin mota wata tara da suka wuce, ya bar ni da 'ya'ya uku. Cikin takaba na yi kuka har hawaye suka ƙafe. Amma tun da na fita takaba wani abu ya same ni wanda ban san sunansa ba. A da, ko daka nake yi ko wanke-wanke, ina jin muryata a cikin raina, ina tilawar abin da na haddace, ina shawara da zuciyata. Yanzu tsit, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. In na kabbarta salla bakina na karanta Fatiha, amma kamar wata ce ke yi, ni ina gefe ina kallonta. Sau da yawa nakan rasa raka'a ta nawa nake. Ba na jin daɗi, ba na jin tsoro, 'ya'yana ma in na dube su kamar ta bayan gilashi nake ganinsu. Wata ƙawata ta ce an toshe zuciyata ne. Uwar mijina ta ce iska ce, a kai ni a yi mini hayaƙi. Malam, sallolina na waɗannan watanni sun yi, ko in rama? Imanina yana nan? Kuma ya halatta in je likita a kan abin da ba ciwon jiki ba?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya kyautata makwancinsa, ya raya abin da ya bari.

'Yata, bari in ba ki hukuncin tun daga farko don hankalinki ya kwanta kafin ki karanta dalilai. Sallolinki sun inganta, babu ramuwa a kanki. Imaninki yana nan. Zuwa likita ya halatta, a irin halin da kika siffanta ma ba na ganin ya kamata ki jinkirta shi.

Mu fara da salla. Shehu Halilu a cikin Mukhtasar, da yake lissafa farillan salla, ya ce Fatiha tana wajaba ne da motsa harshe, ko da mutum bai jiyar da kansa ba. Ki lura da wannan da kyau. Da wani zai tsaya ya karanta Fatiha a cikin zuciyarsa, yana jin kowane harafi tar a ransa, amma harshensa bai motsa ba, bai yi karatu ba a wurin malamanmu. Ke da harshenki ke motsi zuciyarki na shiru, kin sauke farilla. Shari'a ba ta taɓa rataya salla a kan wannan murya da kika rasa ba.

Niyya kuma, mutane da yawa sun ɗauka wata jimla ce da ake faɗa a cikin rai. Niyya nufi ce. In kin ɗauki buta rana ta karkata, 'yarki ta tambaye ki, "Inna, me za ki yi?" kika ce "Azahar", to nufin nan da ya sa kika amsa shi ake nema ya kasance tare da ke lokacin kabbarar harama. In ya gushe bayan haka, Halilu ya ambaci gushewar niyya cikin abubuwan da ba sa ɓata salla. A mazhabarmu barin furta niyya da baki shi ya fi, amma masu sharhi sun keɓe mai wasuwasi, suka ce shi ya furta don ruɗani ya bar shi. Ina ganin halinki ya shiga wannan rangwame. Ki ce da bakinki a hankali, "sallar Azahar farilla", ki yi kabbara, kada ki tsaya laluben zuciya.

Na san abin da zai zo miki: khushu'i fa? Mafi yawan malamai ba su sanya shi sharaɗin ingancin salla ba, shi dai ruhinta ne kuma da shi lada ke ƙaruwa. Wataƙila kin taɓa jin hadisin Ammar ɗan Yasir, cewa mutum zai idar da salla ba a rubuta masa komai ba sai ɗaya bisa goma ko ɗaya bisa tara nata, har zuwa rabi. Wannan gargaɗi ne ga mai lafiya da ya saki hankalinsa ya tafi kasuwa. Ke naki hadisin shi ne wanda Buhari ya ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari: idan bawa ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, ana rubuta masa irin abin da yake aikatawa yana zaune a gida da lafiyarsa. Kina da halartar zuciya lokacin da kike lafiya, ciwo ya raba ki da ita, don haka muna kyautata zato ga Allah cewa alƙalami bai daina rubuta miki ba.

Batun rasa lissafin raka'a, wannan tsohuwar mas'ala ce da muka karanta tun a Ahalari da Risala. Mai shakka ta lokaci-lokaci yana gini a kan abin da ya tabbatar, wato mafi ƙaranci, ya cika, ya yi sujada ba'adi. Amma wanda shakka ta aure shi, take zuwa masa kullum, Ibnu Abi Zaid, mai Risala, ya ce ya kau da kai daga gare ta, babu gyara a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Ke kina cikin kashi na biyu. In kin rasa ko uku kika yi ko huɗu, ki ɗauka huɗu ce, ki sallame, ki yi ba'adi, ki naɗe dardumarki. Kada ki sake sallar, domin maimaitawa ita ke ciyar da wannan cuta. Malamanmu sun yi rangwame ga mai tsoron mantuwa ya riƙa sauya zobe daga yatsa zuwa yatsa don ƙirga raka'a. In kuma akwai ƙaninki ko wani muharraminki baligi a gidan, ki bi shi jam'i, liman yana ɗauke wa mamu rafkanuwarsa. Ɗanki da bai balaga ba dai ba zai ja ki farilla ba.

Wani abu ɗaya a nan: jin nan na cewa kina kallon kanki daga gefe ba gushewar hankali ba ne, tunda kin san ko ke wace ce, kin san salla kike yi. Alwalarki ba ta karye da shi. In kuwa akwai lokacin da kike suma ko ki ɗauke gaba ɗaya, a yi miki magana ba ki sani ba, wannan yana karya alwala, sallar da dukan lokacinta ya fita kina cikin suma kuma ba a rama ta. Amma lallai ki gaya wa lokotoro, domin akwai nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da mutum.

Yanzu maganar ƙawarki, wadda ita ta fi ci mini rai a cikin wasiƙar. Toshe zuciya da Allah ya ambata a aya ta 7 ta Suratul Baƙara ya zo ne a kan waɗanda suka kafirta, waɗanda da a yi musu gargaɗi da a bari duk ɗaya ne a wurinsu. Wanda aka toshe zuciyarsa ba ya rubuto wa malami yana tambaya ko sallarsa ta yi. Kin ce ba kya jin tsoro. To me ya tashe ki sallar Asuba kusan wata biyar, ba ɗanɗano, ba hawaye, ba wanda ke tsaye a kanki? Imani gaskatawa ne da miƙa wuya. Zaƙinsa kyauta ce da ke zuwa ta tafi, kamar yadda Gulbin Maraɗi ke cika da damina ya janye da rani, alhali ruwa na nan a ƙarƙashin rairayi ga mai tono.

Ki buɗe Suratul Ƙasas aya ta 10. Allah ya ce zuciyar mahaifiyar Annabi Musa ta wayi gari "farigan", wato fanko, bayan ta jefa jaririnta a kogi. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ta wofinta daga komai sai tunanin Musa. Wannan mace ce da Allah ya yi wa ilhama, ya yi mata alkawarin mayar mata da ɗanta, duk da haka rabuwa ta kwashe abin da ke zuciyarta. Bai zarge ta ba. A cikin ayar ma cewa ya yi shi ne ya ɗaure zuciyarta don ta kasance cikin muminai. Ban ce halinki da nata ɗaya ne ta kowace fuska ba, amma ayar ta isa ta nuna cewa baƙin ciki na iya mayar da zuciyar mumina fanko.

Imamu Gazali ma ya ba da labarin kansa a cikin al-Munƙiz. A shekara ta 488 bayan Hijira, yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, harshensa ya kulle ya kasa faɗin kalma ɗaya ga ɗalibai, abinci ya daina narkewa a cikinsa, har likitoci suka ce abu ne da ya sauka a zuciya ya ratsa jiki. Bayan wannan ne ya rubuta Ihya'u.

Shekarun baya akwai wani gardi a zaurenmu, mahaddaci, wanda aka sace yayansa a wani ƙauye wajen iyaka. Bayan an sako yayan, shi ne ya canza. Zai zauna da allo a kan cinya, ya ja izu guda ba tuntuɓe, in ya gama ya ce, "Malam, ban ji ni na karanta ba." Na ce masa ya yawaita istigfari, ban ƙara da komai ba. Wata uku yana ramewa a gabana kafin wani ɗan'uwansa ma'aikacin lafiya ya kai shi asibiti. Istigfari alheri ne, amma amsata ta gaza, domin ta sa ya ɗauka zunubinsa ne ya jawo. Har yau wannan na damuna, shi ya sa nake tsawaita miki.

Abin da kika siffanta likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi. Rashin jin daɗin komai, daskarewar tunani da kasa tattara hankali, in suka wuce mako biyu a jere, suna cikin alamomin ciwon damuwa. Jin kamar kana kallon kanka daga waje, ko duniya ta koma bayan gilashi, shi kuma yakan biyo bayan firgici ko babban rashi. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta ce, ta sage, ka taɓa ba ka ji, alhali tana nan da jininta. Ba kuma ilmin Turawa kaɗai ba ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan maslahar jiki da ta rai, ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili kamar rasuwar masoyi, da wanda ke sauka ba dalili, wanda ya danganta da jiki. Masu bincike na zamani ma sun gano cewa akwai lafiyayyun mutane da tun asali ba sa jin wannan murya ta cikin rai ko kaɗan. Su ma mukallafai ne, sallarsu kuma ingantacciya ce.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce, "Ku nemi magani, ya ku bayin Allah", kamar yadda Usama ɗan Sharik ya ruwaito. Bai ce ban da ciwon rai ba. Nana A'isha takan sa a dama talbina, kunun sha'ir, ga waɗanda aka yi wa rasuwa, tana cewa ta ji Annabi ya ce tana hutar da zuciyar marar lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ga abin da ke shiga ciki yana taɓa zuciya, da nassin Buhari da Muslim. Don haka ki fara da likitar unguwarku, ki faɗa musu komai kamar yadda kika faɗa mini, ki nemi su tura ki babban asibiti wurin masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Su auna jininki, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo irin wannan mutuwar jiki. In an rubuta miki magani, ki sani yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya ba tare da shawarar wanda ya rubuta ba. Kada ki sayi ƙwaya wurin masu yawo da magani a kai, balle tramol.

Uwar mijinki ɗanta ta rasa, tsoro take kada ta rasa ke ma, don haka ki tausasa mata harshe. Ruƙiyya da Littafin Allah ta halatta, Risala ta ambace ta a babi ɗaya da shan magani, ba sa cin karo. Ki tofa Fatiha da Falaƙi da Nasi a tafin hannunki ki shafa, ko ita ta yi miki. Amma hayaƙin da ake kiran sunayen iskoki a kansa, da girka, da yanka don wanin Allah, haramun ne. Haka duka da shaƙe wuya da sunan fitar da aljani, zalunci ne ko da Alƙur'ani ake karantawa a wurin.

Addu'a kuma, in kin rasa abin cewa, ki ari ta Annabi: "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan." Ki faɗe ta a bayyane. Da wani sahabi ya nemi abu ɗaya da zai riƙe, Annabi cewa ya yi kada harshensa ya gushe yana ɗanye da ambaton Allah. Harshe ya ambata. Tilawarki ma ki ɗauko Mus'hafi ki karanta da murya yadda kunnenki zai ji, ko shafi ɗaya ne, in da hali wata 'yar'uwa ta riƙa saurarenki. 'Yan'uwanki da dangin mijinki kuma, in wannan amsa ta kai gare su, su sani cewa gaisuwar ta'aziyya ba ta sauke musu nauyinki da na marayun nan ba. A samu mai kwana da ke, mai kama miki girki, mai raka ki asibiti.

In har wata rana tunani ya zo miki cewa gara ki bi maigidanki, ko ki yi wa kanki lahani, zuwan tunanin ba zunubi ba ne, domin Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da rai ya raya matuƙar ba a aikata ba ko a furta. Faɗa wa wani don neman taimako ba ya cikin furucin da ake kamawa da shi. Amma kada ki kwana da shi. Ki gaya wa wanda kika amince da shi a ranar, a kai ki asibiti a ranar.

Bayan kin ga lokotoro ki sake rubuto mini, musamman in lokutan shan maganin za su ci karo da azumi, sai mu duba hukuncin wannan shi ma. Allah ya ba ki lafiya, ya ɗaure zuciyarki kamar yadda ya ɗaure ta mahaifiyar Musa.

Wallahu a'alam.