Gane tsohon amfilifayan Japan ta hitsink ɗinsa

Ka tambaye ni ko hitsink, wato alminiyam ɗin da ke sanyaya turanzista, shi kaɗai ya isa a gane tsohon amfilifayan Japan idan rubutun fuskarsa ya goge, takardar bayansa kuma ta ɓare. To ɗana, hitsink zai gaya maka zamanin da aka ƙera kayan, da yadda yake cin wuta. Suna kuwa, sai ka haɗa da lambar turanzistan da ke ɗaure a jikinsa.

Fara da girmansa. Aikin wannan alminiyam mai fuka-fukai shi ne ya janye zafi daga turanzistocin da ke tura sauti zuwa sifika, ya miƙa wa iska. Don haka zafin da kayan ke haifarwa shi ke yanke girmansa, ba yawan wat ba. Pioneer M-22 wat 30 ne kacal a kowane ɓangare, hagu da dama, amma hitsink ɗinsa manya ne, a fili suke, sun fi na wasu da suka ninka shi ƙarfi. Dalili shi ne kilas A ne: ko ba a sa kiɗa ba, wuta na gudana a cikin turanzista tana komawa zafi. In ka ga irinsa ya yi zafi yana zaune shiru, kada ka ce lalacewa ce, haka aka yi shi. Pioneer SX-1250 na 1976 kuwa, wanda ke haɗe da rediyo, wat 160 ne a kowane ɓangare, kuma baƙaƙen fuka-fukansa sun fito waje sun zagayo ta baya. Tun daga bakin ƙofa za ka shaida shi.

Sai ka sunkuya ka duba yadda aka ɗaure turanzista. Idan na ƙarfe ne mai hula a tsakiya, noti biyu, ƙafa biyu da suka ratsa ramukan hitsink, wato TO-3, galibi kana cikin shekarun 1970. Ko an cire su, ramuka huɗun nan da tabon farin man zafi za su nuna maka. Masu jikin roba, shimfiɗaɗɗu, irin na Sanken masu noti biyu, sun fi yawa daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa gaba. Baƙin dunƙule guda mai jerin ƙafafu da aka rubuta STK a kai na Sanyo ne, kuma yawanci kayan matsakaicin kuɗi ne. Akwai kuma wanda za ka ga bututun tagulla ya ratsa siraran faranti masu yawa, turanzistocin na manne a ƙarshensa guda, kamar Sony TA-F55. Ruwa ne a rufe cikin bututun, yana tururi yana kai zafin ga farantan. Kada ka lanƙwasa shi, kada kuma ka bar kayan yana aiki a kife.

Yanzu lamba, a nan nake so ka natsu. Na Japan da suka fara da 2SA ko 2SB, PNP ne; 2SC da 2SD, NPN; 2SK da 2SJ kuwa FET ne; duk nau'o'in turanzista ne. In ka karanta 2SK60 da 2SJ18, V-FET ɗin Sony, wani nau'in FET, ne a hannunka. In 2SK76 da 2SJ26 ne, V-FET ɗin Yamaha B-2 ne. Wallahi in ka ga ɗaya daga cikinsu, cire hannunka daga soket. V-FET a buɗe yake tun asali, wato yana barin wuta ta wuce; wutar bayas, wadda ke daidaita aikinsa, ita ce ke riƙe shi. Ta ɓace, sai ya kwashi wuta iya ƙarfinsa ya mutu nan take, ga shi an daɗe da daina ƙera shi. Sai an tabbatar da sashen bayas lafiya yake kafin a kunna, kuma ina tsaye za a yi. Shi kuma 2SK134 da 2SJ49 MOSFET ɗin Hitachi ne, wani nau'in FET daban, irin na HMA-9500 mai buɗaɗɗun hitsink hagu da dama. Sai dai Hitachi ta sayar wa wasu kamfanoni waɗannan, har na Amurka, saboda haka ka duba allon ciki da taransifoma kafin ka yanke hukunci. Ka kuma bincika ko wani mai gyara ya riga ka ya musanya su. Sabuwar dalma da man zafi mai ɗanye sukan tona asiri.

In ka ci sa'a wani suna ya rage a allo ko a mita, ka san cewa Lo-D Hitachi ce, Victor JVC ce, Aurex Toshiba, Diatone Mitsubishi, Otto Sanyo, Trio kuma Kenwood. Da yawa daga masu waɗannan sunaye don kasuwar cikin Japan aka yi su, inda wutar gida volt 100 ce, tamu kuwa 230. Nemi maɓallin sauya wuta a baya. In babu shi, kuma ba ka ga rubutu a jikin taransifoma ba, ɗauke shi a matsayin mai 100, ka sa masa taransifoman rage wuta, da fiyus daidai da wanda aka rubuta a allonsa.