Ba Ni da Kuɗi, Wace Hidima Zan Yi?

Tambaya: Ni Kirista ce a unguwar Zariya, Maradi. Fasto kullum yana wa'azin hidima, ni kuwa ƙosai nake soyawa, ribata ba ta wuce jaka ɗaya. Me zan bayar?

Amsa: 'Yar'uwa, a Littafi Mai Tsarki, Matiyu 10:42 bayar da ruwan sanyi kofi ɗaya kawai ya ambata. Mahaifiyata ba ta taɓa riƙe jaka goma ba, amma duk Asabar takan tafi asibitin kutare na Danja ta wanke wa tsofaffi tufafi, ta dawo hannunta duk ya yi fari da sabulu. Ke ma dubi maƙwabta. In azumi ya zo da zafi, ajiye wa tsohuwar gidan kusa ƙosai biyar kafin magariba. Kada ki haɗa da wa'azi, ki gaishe ta kawai.