Kada ka fara da takardar tambayoyi

Wa'alaikumus salam. Malam, ka tambayi hanyar da ta dace da binciken yadda ɗalibai 'yan asalin yanki, waɗanda harshen gado suke yi a gida, ke koyon Turanci, kuma ka ce niyyarka ka raba musu takardar tambayoyi. Na taɓa bin wannan hanya, kuma na sha ƙasa.

Da Turanci na rubuta tawa, irin mai matakai biyar ɗin nan, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba". Da na tattaro, kusan kowa "na yarda ƙwarai" ya zaɓa, har a tambayoyi biyu da suka ci karo da juna. Wata yarinya ma tambayar ta kwafe a gurbin amsa, da kyakkyawan rubutu abin sha'awa. Ashe Turancinsu na auna, ra'ayinsu kuwa ban ko taɓo shi ba. Ga kuma kunya: yaro ya ga baƙo babba, ai ba zai ce masa a'a ba.

Sai na koma na zauna a bayan aji. Makon farko aikin banza ne, don kowa ya kame, har malamin. Masanin harshe William Labov ya yi bayanin wannan a 1972: kana son jin yadda mutane ke magana in ba a kallonsu, alhali sai ka kalle su za ka ji. A mako na uku aka manta da ni da na'urar ɗaukar muryata, a nan na fara jin yadda suke fassara wa juna darasi cikin raɗa da harshensu. Hirar kuma uku-uku ko huɗu-huɗu na yi musu, da harshensu, tare da wani ɗan yankin. Yaron da aka ce min ba ya magana, shi ya hana kowa sakat.

Ka kuma raba Turancin baki da na karatu. Jim Cummins, masanin koyon harshe, ya nuna yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kimanin shekara 2, amma harshen darasi kan ci shekara 5 zuwa 7. In da hira kaɗai ka gwada su, sakamakonka zai yaudare ka. Ka tara littattafan aikinsu na zango guda, ka bi kurakuran. Tun 1967 masanin harshe Pit Corder ya ce kuskure shaida ce ta inda mai koyo ya kai, kuma za ka ga wasu daga tsarin harshensu suka taso.

In mai duba aikinka ya dage sai da alƙaluma, to yi takardar daga baya, bisa abin da ka ji a hira. Wani ya fassara ta zuwa harshensu, wani daban ya mayar da ita Turanci, ka kwatanta. Izini kuma kada ka tsaya a na shugaban makaranta, ka je wurin iyaye da dattawa da ƙafarka, in ka gama ka koma ka faɗa musu abin da ka gano.