Da gaske ruwa na daskarewa a kan dutsen Bagzam?

Tambaya daga wani mai karatu a Tawa: Malam, ƙanena direba ne, yana ɗauko albasa daga yankin Tabelot. Ya ce mutanen da ke zaune bisa dutsen Bagzam kan wayi gari lokacin ɗari su tarar ruwan da suka bari a kwano ya daskare. Na ƙaryata shi. Ai wanda ya hau dutse ya ƙara kusantar rana, ta yaya zai fi mu jin sanyi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka nemi afuwar ƙanenka, gaskiya ya faɗa maka.

Bagzam na cikin duwatsun Azbin, arewa maso gabashin Agadas, kuma a kansa ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take. Abzinawa na kiranta Idukal-n-Tagas, tsayinta mita 2,022 daga bakin teku. An daɗe ana ba dutsen Gerebun da ke can arewa wannan matsayi, amma shi mita 1,944 ne. Kada ka ɗauka wani tsini ne guda kamar hasumiya. Tudu ne mai faɗi na baƙin dutse da kaifin gefe, a samansa akwai ƙauyuka da maɓuɓɓugan ruwa da lambuna.

To, batun kusantar rana. Tsakaninmu da ita akwai wajen kilomita miliyan 150. Hawan kilomita biyu a cikin wannan nisa bai kai a ambata ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, rana ba ta dumama iska kai tsaye sosai. Ƙasa take gasawa, ƙasar kuma ta dumama iskar da ke kwance a kanta. Idan iskar nan ta tashi sama, nauyin da ke danne ta sai ya ragu, ta buɗe, ta huce. Ka je wurin mai faci ka sa hannu a bakin taya lokacin da yake sace mata iska: motar ta sha rana, amma iskar da ke fitowa sanyi za ka ji. Haka abin yake a sararin sama. A matsakaicin lissafi, duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kimanin digiri 6 da rabi.

Yanzu ka lissafa da kanka. Tawa ba ta kai mita 400 daga bakin teku ba, wato ƙololuwar ta ɗara ku da fiye da mita 1,600. Ragin digiri goma ke nan. Daren Janairu da ku a Tawa kuke ƙudundune cikin bargo kuna jin ɗumi, can sama ya sauko kusa da sifiri. Ƙara da cewa iskar hamada busasshiya ce, babu gajimare da zai rufe ƙasa kamar mayafi, don haka ɗumin da duwatsu suka tara da rana yakan tsere da zarar ta faɗi. Kafin asuba ruwan kwano ya yi ɓawon ƙanƙara. Da hantsi ya narke, mutum ya tuɓe rigar sanyi.

Sai dai kar ka zaci farin dutse irin na hotunan Turai. Dusar ƙanƙara na buƙatar sanyi da laima su haɗu, mu kuwa lokacin ɗarinmu rani ne. Ruwan Azbin daga Yuli zuwa Satumba yake zuwa, kaɗan ne, wata shekara ma ya yi rowa. Amma dutsen na tilasta wa iskar damina hawa, ta huce, ta zubar da abin da ta ɗauko, shi ya sa ya fi filin da ke kewaye da shi samun ruwa. Kuma dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka yakan taru a ƙoramu ya gangaro da ƙarfi, ko da a inda kake ba a ga ɗigo ba. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumbar 2009 ba, lokacin da ƙoramar Telwa ta afka wa gari ta rushe gidaje. Ka gaya wa ƙanenka kada ya kwana da mota a cikin ƙorama da damina, komai laushin yashinta.

Ruwan da ya nutse ƙarƙashin yashin ƙoramun nan shi ne manoma ke jawowa daga rijiyoyi, da raƙumi ko da inji. Da shi da sanyin wurin ake samun alkama, tafarnuwa, lemun Timiya da rumman, da ita albasar da ƙanenka ke lodi.