Igwar motar sulke tana cinye mini dakaru a tebur: ina gyaran yake?

Tambaya: Malam, ina rubuta dokokin wasan yaƙi na ƙananan mutum-mutumi. Na ba igwa mai sarrafa kanta ta motar sulke dayis shida (ƙwayoyin jefawa masu lamba 1 zuwa 6), kowanne ya faɗo 3 zuwa sama soja ɗaya ya mutu. Yanzu abokan wasana sun daina ɗaukar sojojin ƙasa. In rage mata ƙarfi ne, ko in ƙara mata maki, wato farashin da ɗan wasa ke biya ya sa ta a rundunarsa?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafinka ne ya jawo haka. Dayis shida a kan 3 zuwa sama na nufin mutum huɗu a kowane zagaye. Rukuni mai mutum takwas, zagaye biyu ya ƙare. Wa zai ɓata dare yana fentin sojan da ba zai ga zagaye na uku ba?

Kada ka fara da maki. Matsalar ita ce ka haɗa samun abin da aka harba da kisa wuri guda, ka kuma manta da mafaka. A fagen daga, babban aikin wannan igwa a kan dakaru shi ne hana su ɗaga kai. Don haka raba jifar gida biyu. Ba ta dayis huɗu, samu a 4 zuwa sama. Kowane samu ya ɗora wa rukunin alamar dannewa, sannan a sake jefawa don kisa: a fili 3 zuwa sama, a cikin rami ko bayan katangar siminti sai 6 kaɗai. A fili za ta kashe mutum ɗaya da ɗoriya a zagaye, a mafaka kuwa mutum ɗaya cikin zagaye uku. Amma alama biyu sun isa su hana rukunin motsi. Mai motar bai yi asara ba, mai dakaru kuma ya ga amfanin kwanciya bayan katangar nan da ya sassaƙa da hannunsa.

Sai batun harsashi, wanda ni a ganina nan daɗin yake. Igwar M242 Bushmaster mai milimita 25 da ke kan motar sulke Bradley ta Amurka, da igwar 2A42 mai milimita 30 ta motar sulke BMP-2, kowacce tana da hanyar ɗura biyu: mai huda sulke da mai fashewa. Sa ɗan wasa ya bayyana wanda ya zaɓa tun farkon zagaye. In ya ɗura mai huda sulke sai dakaru suka ɓullo, dayis ɗaya kawai zai samu. Kuma kar ka yi wa igwogin kuɗin goro: igwar RARDEN ta motar sulke Warrior ta Birtaniya da hannu ake ɗura mata harsashi uku-uku, bai kamata ta yi ruwan wuta irin na BMP-2 ba.

Ka tuna wanda ke cikin mota a rufe ba ya gani sosai. Dakarun da ba su yi harbi ba, suna cikin mafaka, sai an jefa dayis an hango su tukuna. Wannan ne zai ba mai RPG-7, wato rokar da ake harbawa daga kafaɗa, damar laɓewa har motar ta matso.

Bayan ka buga wasa biyar ko shida kuna musayar ɓangare, sai ka taɓa makin. In har ɗan wasa ya fara tura sojojinsa gaba su share wa motar hanya, to ka kusa.