Ƙota mai falle-falle ba ta shan mai

Ka tambaye ni me ya sa ƙotar bindigar da maharbin nan ya kawo take da layi-layi, kuma ko za mu shayar da ita mai yadda muke yi wa ta itacen walnat. To, matso kusa, ɗana, ka riƙe ta.

Ka ji nauyi ko? Ba gungume ɗaya aka sassaƙa ba. Siraran fallayen katako ne, galibi na itacen bac da ke fitowa a ƙasashen sanyi, aka rina wasu, aka jera, aka manne da gam mai ƙarfi, aka matse da zafi. Jamusawa sun koma irin wannan ƙota a bindigarsu K98k tun ƙarshen shekarun 1930, Rasha ma ta yi amfani da ita a bindigarta AKM. Amfaninta shi ne ba ta saurin karkacewa. Kai ma shaida ne, ƙofar da ke cijewa da damina ita ce ke yin sako-sako da hunturu. In ƙota ta motsa haka, sai ta danne bututu, saiti ya kauce. A nan kuwa kowane falle yana riƙe da ɗan'uwansa.

In za ka zaɓa, kada launi ya ruɗe ka. Bi layin gam da farce, musamman a wuya, bayan kunama, inda ta fi siranta. In farce ya shige ko ka ga rata ko da ta gashi ce, ajiye ta. Sannan ka hango ta daga sama: zanen dama ya yi daidai da na hagu, alamar an yanka ta a tsakiya ke nan.

Batun mai kuwa, nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Walnat tana shan mai har ciki. Wannan, gam ya tare hanya, sai man ya tsaya a sama yana danƙo. Don haka banish nake so, ko Tru-Oil, wani man shafa ƙota mai bushewa da ƙarfi. Kada ka ƙara mata rini, launinta na cikin jikinta.

Fara da sanfefa lamba 120, sai 220, sai 320, kana bin tsawon katakon. Ka naɗe ta a ɗan guntun katako, domin gam ya fi itacen tauri. In da yatsa ka goge, za ka ƙwaƙule itacen ka bar layin gam a tsaye, fuska ta yi tudu da kwari. Ka riƙa kaɗe ƙura, don garin baƙin falle yana ɓata farin. Kuma don Allah ka rufe hanci, ƙurar gam ba ta yi wa ƙirji daɗi.

Shafin farko ka tsinka shi. Na bayansa kaɗan-kaɗan da yatsa, ya bushe sarai, ka ɗan goge da lamba 400, ka ƙara.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne inda ido ba ya gani: kwarin da bututu ke kwanciya, ƙarƙashin farantin gindi, da ramukan noti. Ta nan laima ke shiga. Shafe su duka, amma ba da kauri ba, kada ƙarfe ya ƙi zama. Tsumman da ka goge mai da shi kuma, shanya shi a waje, kada ka dunƙule shi cikin shago, yana iya kama wuta da kansa.